Rasuwar Hasan, Diskin da Aka Ba Amanar Muryar Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Garba Isma'ila na unguwar Bobiel, malamin lissafi, yana sanar da dangi na Yamai da Damagaram rasuwar Hasan, ɗaya daga tagwayen diskin da ke cikin baƙin akwatin nan na falonsa. Marigayin ya cika ranar Litinin bayan la'asar, yana da shekara shida da wata huɗu a bakin aiki.

Ga wanda bai san gidan ba, akwatin rumbu ne. Kowace waya da ordinata, wato kwamfuta, ta gidan a cikinsa take zuba hotuna da sauti ta wifi. Hasan da Husaini rana ɗaya aka sayo su, kuma duk abin da aka ba ɗaya sai ɗayan ya kwafe, don in wani ya faɗi wani ya riƙe gida.

Marigayin mai haƙuri ne, mai riƙon sirri. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a kansa ya fi a ƙirga, bai taɓa kai ƙara ba. Idan yana hutawa sai a ji "rrrrr" a hankali, idan an aike shi neman hoto ya ce "kit-kit-kit" ya kawo. Babbar amanarsa ita ce muryar marigayiya Inna Zuwera, mahaifiyar Garba: kaset goma sha tara, inda take faɗin asalin gidansu, da kirarin kakanni, da waƙoƙin da ta rene su da su. Garba ne ya bi dangi gida-gida ya karɓe kaset ɗin, yana yi musu dariyar ajiya cikin kwalla. Ya juye su cikin akwatin, ya jefa kaset ɗin a ɗakin shirgi, ruwan Agusta ya gama da su. Ko a jikinsa, don a cewarsa akwati ba ya mantuwa.

Ciwon ajali ya shigo ta ƙofar ladabi. Da Balkisa, matar gidan, ta ji cewa muryar surukarta na ciki, sai ta ce bai kamata a bar Inna a buɗe kamar rediyon mai shayi ba. Ta ɗinka wa akwatin riga ta karan-miski mai surfani, ta rufe shi ruf. Garba bai hana ba. Yaba mata ya yi, har ya ɗauki hoto ya tura wa dangi. Rigar ta toshe ƙofar iska a tsakiyar zafin Afrilu, ta kuma ɓoye ƴar fitilar da ta bar kore ta koma ja. Akwai shafin duba lafiyar diski, aikin minti biyu a wata. Malamin da ke faɗa wa ɗalibai kullum su sake duba amsarsu bai buɗe shafin ba tun babbar sallar bara.

Ranar Litinin ya ji wata murya da bai sani ba daga ƙarƙashin rigar: "tak… tak… tak." Ya yaye, ƙarfen ya ƙona masa yatsa. Kafin shafin ya gama buɗewa Hasan ya yi shiru.

Marigayin ya bar wayoyi biyar, da ordinata ɗaya, da ɗan'uwansa Husaini, wanda shi ma yana kwance. Shafin ya nuna tabo takwas a jikin Husaini ranar Litinin, da safiyar Talata sun zama talatin da ɗaya. Garba ya yi ƙoƙarin kwashe muryar Inna, kwafin ya tsaya cak a kashi sittin da uku cikin ɗari, sau uku a wuri ɗaya. Mai gyara na unguwar Dar es Salam ya ce a kashe akwatin, kada a sake kunnawa sai sabon diski ya iso ranar Alhamis, kuma kunnawar nan tana iya zama ta ƙarshe. Garba yana tsoro, bai ɓoye ba. Ya binne Inna sau ɗaya, ba ya jin zai iya na biyu.

Za a yi wa Hasan sutura da rigar karan-miskin, a kai shi ɗakin shirgi kusa da kaset ɗin. Amma ba za a yi jana'iza ba sai an gama jinyar Husaini, wato kwashe abin da ke cikinsa zuwa sabon diskin, wadda za a fara ranar Alhamis bayan azahar, ta ɗauki awa goma sha ɗaya. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su buga ƙofa, kada su jingina da teburin, kada kowa ya kunna dutsen guga. Wanda zai yi addu'a ya haɗa da kuran.

Akwai kuma saƙo ga Yaya Rahina ta Damagaram, wadda ita kaɗai ta hana kaset ɗinta, har Garba ya kira ta baƙauya a gaban ƴaƴanta. Yana roƙon ta duba kwallar nan tata. In kaset ɗin yana nan, ta naɗe shi a zane, kada rana ta taɓa shi, ta taho da shi da hannunta. Ba zai ce ta ba shi ba. Yana so ne ta bari ya zauna kusa ya saurara.