Yadda Na Rasa Ladanci a Kanisar Madani

Ba zan taɓa mantawa da auren ɗiyar Kuku ba. Ko na so mantawa, mutanen garinmu ba za su bar ni ba.

Kuku mutumin duwatsun Nuba ne, Kirista, yana zaune a kambo, unguwar leburori da ke bayan babbar tur'a wadda ke kawo mana ruwan noma. Mun daɗe muna noma hawashata, wato gonata, tare, ni da gona shi da ƙarfi, in an girbe dawa mu raba. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba, abin da ba zan iya faɗa a kan waɗanda muka sha nono ɗaya ba. Ranar da uwata ta rasu, shi ya fara kawo itace gidan makoki. To da ya ce ɗiyarsa Marta za ta yi aure a kanisa, wato cocinsu, can birnin Madani, da wane baki zan ce ba ni zuwa?

Sai dai abin ya faɗo a mugun lokaci. Ladanin masallacinmu tsufa ya cinye masa murya, ana neman magaji, kuma mu biyu ne a kai: ni da Sale mai shago. Tun kaka ni ke kiran asuba. Karatuna bai yi nisa ba (boko na bari a hanya, allo ma kada ku tambaya), amma murya kam Allah ya ba ni. Ita kaɗai ya ba ni, in gaya muku gaskiya. Gonata a wutsiyar tur'a take, ruwa ba ya isowa sai kowa ya ƙoshi. 'Ya'yana Larabci suke amsa mini in na yi musu Hausa. Ladancin nan shi ne abu guda da nake ganin zan riƙe a ce nawa ne. Liman ya ce Juma'a mai zuwa dattawa za su yanke. Hajara matata ta ce in aika da sukari in zauna gida. Na ce mata ba ta san zumunci ba.

Na sa farar jallabiya, na naɗa rawani, na ɗauki sandata, na hau bas daga garinmu Wad Haddad. A ƙofar kanisa na tuɓe takalmi, na duba na ga ni kaɗai ne ba takalmi, na mayar. Kuku ya rungume ni ya kai ni kujerun gaba cikin dangi. Rawani ɗaya ne a duk ɗakin, nawa.

Malaminsu, gasis suke ce masa, wani siriri ne mai tabarau. Bayan ya ɗaura aure sai ya shiga wa'azi da Larabci, kuma wallahi kamar ya san manoma ne a gabansa. Ya ce alherin Allah kamar ruwan tur'a yake. Ba kai ka haƙa kogi ba, ba ka biya damina ba, ruwa na zuwa bakin gonar mai kirki da ta mugu. Ba lada ba ne, kyauta ce. Tuba kuwa, in ji shi, ita ce ka sa fartanya ka buɗe bakin gonarka ruwan ya shiga. Kuma duk gonar da ta sha ruwa sai ta fid da ciyawa, don haka wanda aka yi wa gafara ba kwanciya zai yi ba, noma ya same shi har ya mutu.

Ni dai a raina na ce, wanga mutum bai taɓa noma a wutsiyar tur'a ba. Kuma na kasa haɗa maganar. In kyauta ce, me ya kawo noma? In da noma, ina kyautar? Ina cikin wannan lissafi sai bakina ya fara tsami. Ni mai tumbak ne, tabar nan da ake cusawa a ƙarƙashin leɓe, in lokacinta ya yi ko gaban alƙali nake sai na tashi. Na zame na fita bayan ginin, na murza ƙwallo guda na cusa, na ɗan tsaya ina kallon masu raksha, keken nan mai ƙafa uku, suna faɗa a kan fasinja.

Da na dawo, ɗaki ya canza. Ganga na tashi, ana waƙa, ango da amarya suna tsaye a gaba, mutane kuma na fitowa daga kujeru suna tafiya wajensu, hannu a sama. Mata na hawaye.

To ku gaya mini. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san in ganga ta tashi a biki, aka ga maza sun nufi ango hannu a sama, lokacin abshir ne: ka ɗaga sanda, ka kaɗa yatsu a kan ango, ka taya shi murna. Wanda ya zauna a lokacin, ko baƙin ciki yake ko ba a haife shi a gidan mutunci ba. Hawaye kuwa, wane biki ne mata ba su kuka? Na ce yau Kuku zai san ya gayyato ɗan halas.

Na gyara rawani. Na ɗaga sanda. Na ratsa tsakiyar kanisa da irin takun da nake yi ina saurayi, ina kaɗa yatsu, na buɗe muryar nan tawa ta asuba: "Abshir! Abshir!" Na wuce duk masu layi, don tafiyarsu ta yi mini sanyi. Na kaɗa a kan ango, na kaɗa a kan amarya, na ga gasis a tsaye na ce shi ma kada ya ji an ware shi, na kaɗa masa. Ɗaki ya ɗauke da guɗa. Wata tsohuwa ta faɗi a kan gwiwa tana ɗaga hannu. Na ce a raina, ashe ba su taɓa ganin gwani ba.

Gasis ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambaye ni a hankali ko na san abin da ya fito da ni. Na ce sarai, ai takanas na taso. Sai na waiga na ga duk waɗanda na wuce sun durƙusa, kai a ƙasa. Na nemi Kuku da ido. Ya dafe kai da hannu biyu kamar wanda aka ce wa awaki sun shiga gonarsa.

A nan jikina ya fara gaya mini. Ashe ina waje gasis ya ce duk mai son ya tuba ya buɗe bakin gonarsa, ya fito.

Ya bi layi da makirfo yana tambayar kowa abin da zai ajiye yau. Wani ya ce giya. Wani ya ce dukan matarsa. Wata ta ce gaba da ƙanwarta. Ina jin makirfon na matsowa, ina neman ƙofa, ƙofa ta yi nisa kamar Makka. In ce kuskure ne, in mai da ranar ɗiyar Kuku abin dariya? In yi shiru, a ce na bar addinina? Ga ƙwallon taba a leɓe, miyau ya taru, ba wurin tofarwa. Da makirfo ya iso bakina, abin da ke cikin bakin shi ya fito.

"Tumbak," na ce.

Aka sake guɗa. Gasis ya miƙo tafin hannu. Na laluba aljihu na ɗora masa ƙunshin, sabo, ranar na saya.

Wajen cin abinci Kuku ya ja shi gefe ya yi masa bayani. Mutumin ya zo da kansa yana dariya har yana share tabarau, ya ba ni haƙuri, ya ce ba a shiga addini da tuntuɓe, su ma ba tarko suka kafa wa baƙi ba. Ya ce in ina son tabata ga ta. Girman kai ya sa na ce ya riƙe. Da ya tafi na tasa Kuku da tambayar da ta dame ni, ta kyauta da noma.

"Ya zol, mutumina," ya ce, "da ka ba ni rabin gonarka, na biya ka? To don ban biya ba sai in bar ta ta zama daji?"

Na ce ba haka ba ne, ai rabon amfani muke. Ya ce in ci nama kawai.

Hoton ya riga ni isa gida. Wayoyi nawa ne a ɗakin nan, Allah kaɗai ya sani. Hajara ta ajiye mini tuwo ta tambaya ko har yanzu da bisimilla nake ci. Da asuba na je masallaci na tarar Sale ya riga ya kira.

Ranar Juma'a aka zauna. Na yi bayani tun daga takalmi har zuwa ƙunshin taba. Dattawa suna ta cusa baki a rawani, kafaɗu na rawa. Liman ya ce Musuluncina na nan daram, ba abin da ya taɓa shi, kuma zuwa bikin maƙwabci ba laifi ba ne. Na fara jin sanyi a rai. Sai ya ƙara da cewa amma alkawarin barin taba ya hau kaina, don Allah na ji a Madani kamar yadda yake ji a nan.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai a ruɗe na faɗa."

Ya ce da yawa a ruɗe suke tuba, kuma ana karɓa.

Sannan aka zo kan ladanci. Sale ya yi gyaran murya ya ce shi ba ya zargin kowa, tambaya ce kawai: mutumin da ke jin ganga ya buɗe murya bai duba abin da ake ciki ba, ranar da farin wata ya yi haske, wa zai hana shi tada gari sallar asuba da tsakar dare? Dattawa suka gyaɗa kai. Aka ba Sale.

Yanzu sau biyar a rana ina jinsa ta lasifika, murya kamar ana jan buhu a kan kwano, ni kuwa ina sahu na biyu da tawa muryar a ciki. Har yau ban gane wa'azin gasis ba, ban kuma gane wa na tuba wa ba. Abin da na gane guda ne: in ka je taron da ba naku ba, ka ga mutane sun tashi, tambayi na kusa da kai ina za su kafin ka wuce gabansu.