Ranar Da Kawun Hauwa Ya Same Ni Ina Tatsar Karya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis a unguwar Moursal, lokacin ina gadin gidan wata Bafaranshiya, ina kuma neman auren Hauwa. Aikin nan shi kaɗai nake tinƙaho da shi a gidansu (a can cewa na yi "kula da gida" nake yi, ban taɓa ambaton kare ba).

Madam ta yi tafiya, ta bar mini amanar karyarta Fifi da 'ya'ya biyar da ta haifa. Ni kuwa mai alwala, ina ni ina taɓa kare? Da doguwar sanda nake tura mata kwanon abinci, in ja da baya. Da ta daina ci, na ce shagwaɓa ce. Da ta fara korar 'ya'yan suna ta kuka, na ce baƙin hali ne. Sai a rana ta uku na ga ta kasa tashi, tana haki, nono ɗaya ya kumbura ya yi jawur kamar zai fashe. In ta mutu aiki ya tafi, aure kuma ya bi shi.

Na tari mai babur na ɗauko likitan dabbobi. Ya matsa wurin kaɗan, sai ga mugunya gauraye da jini. Ya harare ni ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun jiya (Allah ya yafe mini). Ya yi mata allura, ya bar ƙwayoyi, sannan ya ce, "Ciwon nono ne. Ka jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ka gasa wurin, ka tatse a hankali, sau huɗu a rana. Kada 'ya'yan su sha wannan nonon, kuma ka riƙa canza mata shimfiɗa. In wurin ya yi baƙi, ka zo da gudu."

"Da hannuna, doktor?"

"To da na wa?"

Washegari da hantsi na tura ƙofa, na manta ban sa sakata ba. Na naɗe hannun riga, na durƙusa. Fifi tana gurnani, haƙora a waje, ni kuma gumi na tsiyaya, ina lallashi: "Yi haƙuri, 'yar albarka, saura kaɗan." Ina cikin tatsa sai na ji sallama a bayana.

Malam Isa ne, kawun Hauwa. Tun daga unguwar Gassi ya shigo mota don ya ga aikin mai neman 'yarsu da idonsa, kuma irin wannan bincike ba a sanar da shi. Na miƙe zumbur na ce, "Sannu da zuwa, Kawu," na kuma miƙa masa hannu biyu. Hannuwan da nonon karya ke ɗiga daga jikinsu! Ya dube su, ya dube ni, ya mai da nasa cikin riga. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya tsuguna nesa kaɗan, ya ƙura wa nonon ido (ashe tsohon mai fataucin tumaki ne). "Wannan kumburin ba na jiya ba ne. Kwana nawa ka bar ta?"

"Uku, Kawu."

"Saboda me?"

"Najasa."

"Najasa ruwa da ƙasa ke wanke ta. Haƙƙin dabbar nan da me za ka wanke? Ruwanka ma ya huce. Je ka ɗumamo, ina jira."

Haka ya zauna yana ba ni umarni har na gama. Fifi ta warke bayan mako guda. Shi kuwa abin da ya je ya faɗa a gida shi ne, "A ba shi. Yana riƙe amana, sai dai ba ya ganin abu sai ya kumbura."

Har yau da wannan magana Hauwa ke rufe mini baki. Shi ya sa ko atishawa ta yi nake tasowa in tambayi lafiya, tun kafin a sake turo mini wani kawu.