Fentin Motar Likita

Alhamis ɗin nan ba ta bambanta da sauran ranaku ba. Ƙarfe bakwai Likita ya shigo gaida mahaifinsa, tsohon safiyo mai awon ƙasa, ya sha shayi a tsaye. Ƙarfe tara ya fita da jif ɗinsa duba wani garken shanu a can cikin daji, inda waya ba ta kamawa. Ƙarfe biyu ya dawo da laka har gilashi, da kwali a kujerar baya. Rediyon mota ne a ciki, ba irin na jin labarai ba, irin wanda masu lasisi ke magana da juna da shi ta iska. Ƙarfe huɗu ya ɗaure shi a ƙarƙashin kujera, ya ja waya zuwa batir, ya sa fis. Ƙarfe shida ya ce eriya sai gobe, ya wanke hannu. Washegari da hantsi zuciyarsa ta tsaya a ƙofar ofis. Ɗan oba-oban da ya saba riƙewa a hannu ya faɗi tare da shi, ya fashe.

Mako shida motar tana tsaye a rumfa. Kowace safiya Safiyo sai ya goge ta da tsumma, bai yarda kowa ya ko jingina da ita ba. Sai shugaban ƙungiyar masu rediyon ya aiko da saƙo: ran Asabar ƙarfe goma, a zaman da suke yi ta iska duk mako, za su kira lambar Likita ta rediyo kiran ƙarshe, kamar yadda suke yi wa duk nasu da ya rasu. 'Yar Likita, ɗalibar fannin lantarki mai shekara ashirin da biyu, wadda nata lasisin ya iso ana cikin zaman makoki, ta ce sai ta shiga ta yi musu godiya da bakinta. Tun ranar da aka haife ta kakan nan nata yake ce mata Amarya.

Asabar ƙarfe bakwai ta same shi a rumfa, tsumma a hannu.

“Ina kwana, Tsoho. Ka tashi da ƙafafun duka biyu, ko ka baro ɗaya a gado?”

“Na tashi da su. Ke ce dai kika baro kunya a gado. Wace amarya ce take gaida miji da sufana a hannu?”

“Wadda mijinta ya zama yaron mota. Matsa, ka goge ta har ta fara rama.”

Ya matsa, amma da taki ɗaya kawai. Ta ɗaura ƙarfen da ke riƙe eriya a gefen bonet, ta ɗaure noti, ta bi da wayar ta cikin robar ƙofa. Shi kuwa yana biye da ita, duk inda ta dafa sai ya goge.

“Sandar eriyar nan ta karkace,” in ji shi. “Digiri biyu zuwa hagu.”

“Kai ne ka karkace. Tun ina firamare kake tafiya kamar ana jan ka da kunne.”

“Shekara talatin da huɗu ina awon ƙasa. Idona ya fi mitar da ke hannunki gaskiya. Ni na shata titin da kika bi kika je makarantar da aka koya miki rashin kunya.”

“Shi ya sa duk lanƙwasa ne.”

Ta haɗa wata 'yar mita tsakanin rediyon da eriya, ta rage ƙarfi, ta faɗi lambarta, ta danna makirfo na ɗan lokaci ta saki. Allura ta haye cikin ja. Ta sake ɗaure noti, ta sake gwadawa. Ja dai.

“Me ta ce?” Ya leƙo ta saman tabarau.

“Ta ce eriyar ba ta taɓa jikin mota ba.”

“Makauniya ce? Ga ta nan a ɗaure.”

“A kan fenti take zaune. Sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Jikin motar shi ne rabin eriyar. In na yi magana a haka, ƙarfin ba zai fita ba, komowa zai yi cikin rediyon ya ƙona shi.” Ta zaro samfefa daga aljihu. “Kankarewa zan yi. Kamar faɗin ɗan yatsanka.”

Safiyo ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet.

“Babu mai kankare motar nan.”

“Tsoho.”

“Na sake ki. Saki ɗaya. Tattara sufanunki.”

“Wannan shi ne na tara a bana. Ka rubuta mini a takarda, in hannun zai daina rawa.”

“Ji dai za mu iya yi a haka, ko ba haka ba?”

“Ji za mu iya.”

“To, mu ji mu dawo gida.”

“Su kira Baba sau uku, su rufe, babu ko mutum ɗaya daga gidansa da ya ce an gode? Ka taɓa zuwa gaisuwa aka bar ka tsaye a waje?”

Ya dubi gefen bonet ɗin. Likita da kansa ya zaɓi wannan koren, ya kai motar gareji sau biyu don bai yi masa daidai ba. Ko ƙwarzane ɗaya babu a wurin.

“Da yana nan,” in ji ta, tana juya samfefar, “da tuni ya kankare. Ka san shi. Wanda ya huda rufin kicin don ya ratsa da waya?”

“Ni na biya mai gyara.”

“Har yau yana yoyo.”

“Ba ni nan.”

“Me?”

“Ba ni samfefar. Ke in kika fara sai kin feɗe motar kamar akuya.”

Ya shiga ɗaki ya fito da rula ta ƙarfe da fensir. Ta kwance ƙarfen. Ya auna, ya shata ɗan murabba'i, santimita biyu kowane gefe, ya sake aunawa. Sannan ya naɗe samfefar a yatsa ya fara gogawa. Koren ya tafi, farin da ke ƙarƙashi ya tafi, ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Bai wuce layin fensir ko da gashi ɗaya ba. Garin fentin da ya zuba ya share da tafin hannu, ya tsaya yana kallon hannun, sannan ya goge a rigarsa.

“Minti ashirin,” in ji ta. “Kaza ma da ta fi ka sauri.”

“Kaza ba ta san santimita ba. Ɗaure.”

Ta ɗaure, ta shafa ɗan giris a gefe don tsatsa, ta danna. Allura ta ɗan motsa ta kwanta a ƙasa.

Gidan a kwari yake, sai an hau tudun da ke bayan gonaki kafin a kama tashar ƙungiyar. Ya ce shi zai tuƙa. Ta ce rabonsa da sitiyari tun motoci na da haƙuri. Ita ta tuƙa. A bakin rafi ta tsaya ta sa giyar da ke jan taya huɗu, motar ta kutsa cikin yashi tana gurnani.

“Bi ta dama. Ni na auna tudun nan. Kafin in zo ba shi da tsawo.”

“Shi ya sa yake jin haushinka. Riƙe haƙoranka, ga rami.”

“Nawa ne, ba na aro ba.”

“Huɗun?”

Reshe ya kama eriyar, ta lanƙwashe ta dawo tana kaɗawa. Ya juya har wuyansa ya yi ƙara, sai da ya ga tana nan sannan ya zauna daidai.

Goma saura minti bakwai suka kai sama. Ta kashe inji, ta kunna rediyo. Shuuu, sannan muryoyi. Mutane suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi lambarsa da inda yake: wani a bakin shago, wani a gona, wata malama a tsakar gidanta. Safiyo yana ƙirgawa da yatsu. Goma sha bakwai.

Shugaban ya ce kowa ya saurara. Ya kira lambar Likita, harafi bayan harafi, a hankali.

Hannun tsohon ya kai kan makirfo kafin ya san ya miƙa shi. Ta ɗora nata a kai.

“Ba a amsawa, Tsoho,” ta ce ƙasa-ƙasa. “Haka ake yi. Kuma ba ka da lasisi.”

“Ɗana ake kira.”

“Na sani.”

Aka kira na biyu. Iska tana kaɗa ciyawa a gaban mota. Aka kira na uku. Bai janye hannun ba, bai kuma danna ba. Mutum goma sha bakwai a wurare goma sha bakwai suka yi shiru minti guda cur. Sannan shugaban ya ce ba a samu amsa ba, Likita ya sauka daga iska, Allah ya jiƙansa.

Safiyo ya ɗauki makirfon ya sa mata a hannu.

Ta danna. Ta faɗi lambarta, ta ce ita 'yarsa ce, daga cikin motarsa take magana, kakanta yana gefe, gidansu sun gode. Ta saki. Shuuu. Ya dubi mitar, ya dubi ita.

“Muna jin ki tangararau,” in ji shugaban. “Kamar kina cikin ɗakin nan. Wa ya ɗaura muku eriya?”

Ta danna. “Wani tsohon yaron mota ne. Yana kan koyo.”

Dariya ta ƙwace wa Safiyo, ta zo da tari, ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga.

“Gaya musu ni na kankare.”

“Ka yi lasisi ka gaya musu da kanka.”

“Jarrabawar da kika ci? In ke kin ci, ai ni da barci zan rubuta.”

“Da barcin kuwa za ka rubuta. Shafi biyu kake kaiwa a jarida.”

“Na maida ki,” in ji shi. “Ba don halinki ba. Babu mai sauko da ni daga tudun nan ne.”

A makon da ya biyo aka raba kayan Likita. Akwatin alluran dabbobi da takalman roba aka kai wa abokin aikinsa. Tufafi, mahaifiyar yarinyar ta ware riga biyu, sauran aka ba ƙannensa. Littattafan aikin likitanci, kwali huɗu, suka tafi ɗakin karatun makarantar da ya yi. Mota da rediyon da ke cikinta, Safiyo ya kira masu gado ya ce rabonsa a ciki ya bar wa jikarsa, sauran ma suka bar mata. Abu ɗaya ya ɗauka: littafin shirin jarrabawar lasisi, mai rubutun Likita da fensir a gefen shafuka. Yana kan teburinsa. Ya kai shafi na goma sha tara.