Yadda Ake Ɗora Unguwa Guda a Kan Katin Bas Ɗaya

Idan wurin aikinka ya ba ka katin hawa bas, irin wanda kamfani ke biyan kaso mai tsoka, kai kuma a ɗan tsakuri kaɗan a albashinka, to gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, cikin wata uku babu gidan da ba za a ambace ka da alheri ba a unguwarku. Tsofaffi za su sa maka albarka, mai shayi zai ƙara maka madara ba ka roƙa ba. Ban taɓa ganin dabarar nan ta ƙi ci ba.

Ba a littafi na karanto ta ba. A kan maƙwabcina Ya'u na ga an gwada ta, nan Ogui a cikin Enugu, daga farko har ƙarshe. Ya'u ya shekara bakwai yana lodin kwalaye a wani sito da ke Emene, aikin yini, yau a kira ka gobe a ce babu. Bana suka ce za su mai da shi cikakken ma'aikaci, amma sai ya yi gwajin wata shida. Sharaɗi ɗaya ne: ƙarfe takwas ta same shi a bakin aiki. In ya karɓi takardar gargaɗi uku a kan makara, ya kama gabansa. Don kada ya fake da rashin mota, suka haɗa masa da kati mai sunansa da hotonsa, wanda zai shiga duk bas ɗin kamfanin da suka yi yarjejeniya da shi. Mai kati shi kaɗai aka yarda ya hau da shi. Wannan dokar ce za mu koyi takawa.

Mataki na 1: Kada ka sa shi a aljihu

Aljihu na marowata ne. Ka saya masa igiya mai launi, ka rataya a wuya a kan kaftani, ka tafi sallar Magariba da shi. Haka Ya'u ya yi. Ana sallamewa katin ya fara yawo a sahun gaba, kowa na juya shi yana cewa ma sha Allah.

"Ina da ina yake zuwa?" wani ya tambaya.

"Ko'ina motarsu ke zuwa," in ji Ya'u.

"Sau nawa a rana?"

"Ba iyaka."

Masallacin ya yi tsit. Masana irina sun san wannan shirun. Ba na mamaki ba ne, kowa yana tuna inda ya daɗe yana son zuwa ne.

Mataki na 2: Ka fara da wanda ba za ka iya ce wa a'a ba

Kada ka ɓata alherinka a kan sa'anka, wanda za ka iya cewa ya dawo maka da abinka. Ka nemi babba. Ya'u ya dace da Malam Abdulrauf, na'ibin limaminmu, dattijo mai farin gemu, wanda ya ɗaura masa aure, ya raɗa wa 'yarsa suna, kuma yake koyarwa a wata Islamiyya a can Emene ɗin da safe.

Ka lura, babba ba ya roƙo. Malam ya zo ƙofar gidan Ya'u ne kawai su gaisa.

"Ya iyali? Ya gajiya? Ya muka ji da zafin nan?"

"Alhamdu lillahi, Allah gafarta Malam."

"Madalla. Mu dai gwiwar nan ce. Jiya keke napep biyu na canza kafin in isa makaranta, yaran har sun fara watsewa. To, ba komai. Kowa da abin da Allah ya hore masa."

Ya faɗi haka yana kallon ƙirjin Ya'u, inda katin ke lilo. Daga nan sauran aikin naka ne. Ka cire igiyar da hannu biyu, ka rusuna, ka ce, "Malam ya je da shi gobe, ni yaro ne, na san yadda zan yi." Ka tabbata ka ce gobe. Kalma ce mai albarka, kullum in gari ya waye akwai wata.

Mataki na 3: Kada hoton ya dame ka

Za ka ce ai hotonka ne a jiki, za a gane. Wa zai gane? Shekarunka nawa a garin nan, mutum nawa suka san sunanka? Da kai da mai goro da likitan da ya zo bautar ƙasa daga Zariya, duk Aboki ne. Kwandasta zai ga hula a hoto, ya ɗaga kai ya ga hula, ya ɗora katin a kan 'yar na'urarsa ta yi ƙara, shi ke nan. Mun daɗe muna jin haushin wannan abu, ashe ranar amfaninsa na zuwa.

In kana shakka, ka tambayi Hajo mai ƙosai. Ita da lulluɓinta ta je asibiti da katin Ya'u, ta danne hoton da babban yatsa, ta tsare kwandasta da idon da take tsare masu taɓa mata ƙosai ba su saya ba. Shi ya fara sauke kai. Ta dawo da katin sharkaf da mai, washegari jikarta ta wanke shi da omo don a fita kunya. Tsakanin mai da omo da gumin jama'a, kafin wata guda fuskar Ya'u ta goge, saura hular.

Mataki na 4: Ka nema masa ƙusa

Abin jama'a ba ya kwana a ɗakin mutum ɗaya, ana jin nauyin buga maka ƙofa. A kafa masa ƙusa a masallaci, kusa da mabuɗin banɗaki. Safiya ta Malam ce, wannan ba a ma tattauna ba. In ya dawo da azahar sai masu zuwa kasuwa, sai masu dubiya, sai masu kai ɗinki. Akwai wanda ya shiga bas ya zagaya gari ya dawo bai sauka ko'ina ba, wai iska yake sha. Idan kai ma kana da buƙata, ka faɗa da wuri a duba maka.

Mataki na 5: Ka ƙulla zumunci da ƙafarka

Daga Ogui zuwa Emene ba nan kusa ba ne, amma likitoci sun ce tafiya na gyara jini. Ka fita bayan Asuba, ka ɗan hau keke inda aljihu ya yarda, ka taka sauran. In ka ga bas ɗinku ta zo wucewa, ka ɗaga wa Malam hannu, yana kujerar taga.

Takardar gargaɗi ta farko za ta zo a sati na uku. Kada ka nuna wa matarka. Ya'u ya yi wannan kuskuren, matarsa Raihana kuwa ba ta da ilimin zaman jama'a.

"Baban Munira, wai kai aka ɗauka aikin nan ko unguwa?"

"Ki yi a hankali, katanga ba ta da kauri."

"Su ji mana! Shekara bakwai kana ɗaukar kwali a ka, ƙeyarka har ta yi kanta. Yanzu an ce ga kujera, kai kuma ka tsaya rabon lada. Ka je ka karɓo abinka."

"A hannun Malam? Da wane bakin?"

"Da wanda kake cin tuwona."

Irin wannan magana ka bar ta ta bi iska. Mace tana duba tukunya ne kawai, kai kuwa sunanka kake ginawa.

Mataki na 6: Ka bar Malam ya amsa sunanka

Kwandastan bas ɗin ƙarfe shida da rabi wani saurayi ne, Ebuka. Fuska ba ta dame shi ba, amma yana karanta suna. Tun ranar farko ya ce wa Malam, "Oga Ya'u, good morning." Malam ya yi gyaran murya, ya ga bayani zai yi tsawo, ya amsa. Kullum sai ya miƙa wa Ebuka dabino biyu. Da ɗan Ebuka ya kwanta rashin lafiya, Malam ya ɗora hannu a kafaɗarsa ya yi addu'a, yaron kuma Allah ya ba shi sauƙi. Daga ranar babu mai zama a kujerar taga sai Oga Ya'u. Ka yi murna, sunanka ya samu mutunci a Enugu, ko da ba ka cikin motar.

Mataki na 7: In an kira ka ofis, ka kalli ƙasa

Ga abin da ba a gaya maka ba: 'yar na'urar nan da ke ƙara tana rubuta komai, kuma tana aika wa masu biya. Madam Obiageli, shugabar ma'aikata, ta zaunar da Ya'u ta shimfiɗa takarda a gabansa. Ta zauna a Kaduna tana yarinya, don haka da Hausa take yanka mutum.

"Ya'u, katinka yana isowa Emene bakwai da minti goma kowace rana. Kai kana shigowa tara saura. Ina kake tsayawa?"

Ya'u ya kalli tayil ɗin ƙasa.

"Kuma da rana, kana cikin sito ina ganinka, katinka yana asibiti. Ba shi da lafiya ne?"

A nan ake gane ɗan halak. In ka ce aro ka bayar, ka karya doka, kuma za a tambayi wa ka ba, sunan na'ibin liman ya shiga takardar kamfani. Ya'u ya ci gaba da kallon tayil. Madam ta miƙa masa gargaɗi na biyu, ta sassauta murya ta ce ita ce ta sa sunansa a jerin waɗanda za a ɗauka, don ta ga yadda yake aiki. Ta ce Litinin manyan kamfani za su zo, takwas daidai za a rufe ƙofa, wanda ke waje ya zauna a waje.

Mataki na 8: Ranar da za ka hau da katinka

Idan ka bi matakan baya da gaskiya, wannan zai tafi da kansa.

Ran Lahadi da yamma Raihana ta yafa mayafi, ta tsaya a ƙofar masallaci, ta sa aka ciro mata katin daga ƙusa. An daɗe ana kallon bayanta. Litinin Ya'u ya sa kaftaninsa mai guga, ya isa tasha shida da kwata. Malam na can tsaye da jakarsa, don ba wanda ya iya gaya masa katin ya koma hannun mai shi. Suka gaisa har ƙasa. Malam ya ga igiyar a wuyan Ya'u, ya ce ba komai, zai nemi keke.

Bas ta tsaya. Ya'u ya taka, ya miƙa kati. Ebuka ya karanta sunan, ya dubi hular da ta rage a hoton, sannan, karon farko a tarihin motar nan, kwandasta ya ƙare wa Bahaushe kallo.

"Who give you this card?"

"Na my own," in ji Ya'u.

"Your own? Na Oga Ya'u get am. I sabi am well well. Old man, white beard."

Ya ɗaga katin sama yana gaya wa fasinjoji an yi wa dattijon kirki sata. Wata mata ta ja jakarta jikinta. Wani daga baya ya ambaci ɓarawo da yarensu, kuma duk wanda ya zauna a kudu ya san abin da ke biyo bayan wannan kalma a tasha. Sai Ebuka ya hango Malam a ƙasa, fuskarsa ta washe.

"Oga Ya'u! No be your card be this?"

Ina wurin, na zo sayen burodi. Na ga Malam ya dubi taron, ya dubi Ya'u. In ya ce ba nasa ba ne, wata biyu ke nan yana amsa sunan wani a gaban mutanen nan. In ya yi shiru, za a daki yaro. Ya'u kuwa katin zaɓensa na cikin aljihu, da suna da hoto garau. Hannunsa ya kai bakin aljihun, ya tsaya a nan.

"Na my pikin," in ji Malam a hankali. "Na me borrow am." Wato ɗansa ne, shi ya ara masa.

Motar ta sauke numfashi. Ebuka ya yi dariya, ya ce Oga ya cika kirki, amma doka ta hana aro, kamfani na iya ƙwace katin. Ya kama hannun Malam ya hawo da shi, ya kakkaɓe masa kujerar taga, ya ce wa Ya'u ya sauka, kuma ya gode wa Allah da ya ba shi uba irin wannan.

Ya'u ya sauka. Malam bai kalli taga ba har motar ta tashi. Ni dai raina ya ɓaci, na ji tausayin Ya'u ƙwarai, har na kasa ce masa sannu. Ya tsaya yana neman keke a lokacin da duk Enugu ke neman keke. Takwas da minti ashirin ya isa, ya tarar da ƙofa a rufe, takardar gargaɗinsa ta uku na hannun mai gadi.

Mataki na 9: Ka shimfiɗa wa masu jaje tabarma

Za su zo, don mutanenmu ba su da butulci. Za a ce haka Allah ya so, za a ce kamfanonin nan ba su da imani. Malam zai yi doguwar addu'a da muryar da ba ta fita sosai. Ka amsa da amin. In Hajo ta matso ta tambaye ka a kunne ko katin zai ci gaba da aiki zuwa ƙarshen wata, ka gaya mata gaskiya, zai yi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu albarka ya yi maka alkawari, bai ce za ka riƙe aiki ba. Duk wanda ya bi shawarar nan aka sallame shi, ko matarsa ta daina yi masa magana sai ta bakin 'yarsu, kada ya doso ƙofata, ba ni na rataya masa igiya ba. Wanda kuma ke yawo da zancen wai ni ne na zagaya gari shan iska, ya sani da la'asar na hau, lokacin an riga an makara. Ya'u na nan lafiya, kowa na gaishe shi da hannu biyu. Yanzu a tashar da ke bakin layinmu yake dako, kuma in za ka je yi masa godiya ka je da rana, don da sassafe yakan juya baya in bas ɗin shida da rabi za ta wuce.