Motar Kaka da Lemun Suna

Ba na jin akwai ranar da zan manta da safiyar da muka tashi daga Bodinga za mu Shagari a motar Kakanmu. Lokacin ina aji uku a ƙaramar sakandare, kuma ni irin yaran nan ce da ko malami ya kira sunansu sai murya ta maƙale. Magana ba ni da ita, amma akwai ni da kallo. Na san tayar da ke sacewa a motar nan, na san ƙofar da sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. A zuciyata har taƙama nake yi da wannan lura tawa (kuma ita ce ta kai ni ta baro).

Motar ta girmi Innata. Tana ajiye a gindin dogon yaron ƙofar gida, kullum da safe Kaka sai ya goge ta da tsumma ko da ba za shi ko'ina ba. Ciwonta ɗaya ne, zafi. Da an ɗan yi nisa sai ta fara huci kamar tukunyar ɗanwake. Baffa Umaru, yayan babana, ya gaji da zuwa janyo ta daga bakin titi. Da Gwaggo Hadiza, autar Kaka, ta haihu a Shagari, Kaka ya rantse shi da motarsa za shi. Baffa ya ce ya ji, amma da sharaɗi: in ta sake tsayawa a hanya, 'yan gwangwan zai kira su ɗauke ta. Kaka ya ce ya yarda.

Ana gobe suna aka kira Yaya Bello, ɗan babbar Gwaggonmu, bakanike ne kuma taubashina, wato tsokanata ta zama masa sana'a ta biyu. Ya ce tsatsa ce ta cushe lagireto, inda ruwan sanyaya inji ke zama. Na laɓe a bakin zaure ina kallo. Ya jiƙa tsamiya a bokiti, ya tace ta da kyau, ya ɗura. Ya tayar da motar ta ɗan yi zafi, ya kashe, ta huce, ya kwance tiyon ƙasa. Abin da ya fito ja ne wur kamar ruwan kududdufi, har da ɓarɓashi. Ya yi ta ɗauraya har ruwan ya fara haske, sannan ya bar ta ta tsane.

Da safe kowa na gaggawa. Yaya Bello ya ɗaure tiyo, ya sa mazurari a bakin lagireto, ya hango ni.

"Ke sarkin kallo, tunda kin ga komi jiya, zo cika muna ita. Jarka na nan zaure. Ni bari in sauya tuhwahi."

Na shiga zaure na tarar da jarkoki biyu, duka ruwan ɗorawa, irin na man gyaɗa. Na buɗe ta farko, ruwa ne zalla. Na buɗe ta biyu, ƙamshin tsamiya ya bugo ni. Nan take kaina ya ba ni lissafi: jiya da idona na ga tsamiya aka zuba, to ai wannan ce. Gaskiya na ji ƙamshin citta da kanumfari ma, har na so in je in tambaya. Amma kafin in kai wurin Yaya Bello sai na ratsa dattawan da ke kan tabarma, in durƙusa in gaida su ɗaya bayan ɗaya, sannan in ɗaga murya in yi tambaya kowa na ji. Sai na ce wa kaina ƙila ita ma tsohuwar mota kamar tsohon mutum ce, tana son citta. (Ee, haka na faɗa wa kaina, kuma na yarda.) Na rinjayo jarkar, na ɗura har ya cika, na mayar da murfi, aka sa jarkar a but.

Kaka ne ke tuƙi, Baffa na gefensa. Ni da Inna da Yaya Bello muna baya, da ƙullin kayan jariri a cinyata. Da farko lafiya lau, har Kaka na ɗaga wa 'yan kabu-kabu hannu. Mun yi nisa sai Inna ta shaƙi iska.

"Wai wa ka dahwa shayi nan kusa?"

Babu gida ko ɗaya a wurin, fadamun albasa ne hagu da dama. Na leƙa allurar zafi na ga tana hawa. Na gani sarai, na kuma ja bakina. Can sai tururi ya turnuƙe gilashin gaba, Kaka ya gangara gefen titi.

Yaya Bello ya ɗaga bonet. Wata irin kumfa mai danƙo na tsiyaya, tana ƙonewa a jikin inji, wurin duk ya ɗauki ƙamshin alewa. Manoman albasa suka baro aikinsu suka kewaye mu. Har ƙudan zuma biyu-uku suka iso.

"To Alhaji, magana ta ƙare," in ji Baffa, yana laluben wayarsa a aljihu. "Kai kuma Bello, wanga shi na gyaran naka?"

"Wallahi Kawu, jiya tas na wanke ta!"

Kaka ya matso. Ya dafa motar kamar mai duba zazzaɓin yaro. Wannan dafawar ce ta gama da ni. Na ga dai in na ci gaba da shiru, da hannuna na miƙa motar ga masu guduma.

Kun san matsalar mai kunya, idan muryarsa ta tashi fitowa ba ta da sikeli. Na yi niyyar raɗa ne, sai na ji kaina na kwarma ihu har manomin da ke can ƙarshen fadama ya ɗago:

"Ba laifinta ba ne! Ni na zuba mata mai citta!"

Inna ta zabura ta buɗe but, ta jijjiga jarka, ta ji ta yi sauƙi.

"Lemun sunan da nak kwana tacewa! Da sukarina da komi!"

Yaya Bello ya lakaci kumfar da yatsa, ya ɗanɗana, ya lumshe ido. "Inna, hannunki na da albarka. Ƙanƙara kawai ta rasa."

Wani tsoho cikin manoman ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin kwalbati. Ni kuwa na ja hijabi na rufe fuska, ina roƙon ƙasa ta taimaka ta tsage. Kaka ya daɗe yana tari saboda dariya, sannan ya juyo.

"Amaryata," (haka yake tsokanata tun ina goye) "shekara da shekaru ina hawan motag ga, ban taɓa saya mata ko ruwan leda ba. Ke kin hi ni kirki." Ya dubi Baffa. "Umaru, sharaɗinmu in ta tsaya da kanta ne. Wagga tsai da ta anka yi. Mayar da wayarka."

Baffa ya mayar da waya aljihu.

Manoman nan suka janyo tiyon injin ban-ruwa. Da inji ya huce, Yaya Bello ya kwance tiyon ƙasa aka saki ruwa da ƙarfi. Guntayen citta suka fito, kanumfari ya biyo baya, sai kuma wata jar tsatsa da wankin jiya bai kai gare ta ba. Ni aka ba riƙon tiyo, wai hukuncina ke nan. Muka ƙarasa Shagari allura ba ta ko motsa ba, kuma har yau motar na gindin bishiyarta.

Sai dai labari ya riga mu isa, don wani ɗan kabu-kabu ya tsaya kallo. Ina shiga gidan suna, surukar Gwaggo Hadiza ta tsiyaya sauran lemun a kofi, ta miƙo mini a gaban mata cike da tsakar gida.

"Ungo ɗiyata. Ke za ki sha, ko a kai wa baƙuwarki mai taya huɗu waje?"

Na karɓa da hannu biyu na shanye, don ban ga wata mafita ba. Tun daga ranar na gane kunyar tambaya ba ta wuce tsawon gaisuwar dattawa a kan tabarma. Wadda na zaɓa kuwa, sai da ta tara mini mutanen ƙananan hukumomi biyu.