Wanda Ya Ɗaure Surukarsa Cikin Manhaja

Wani ne, abokin aikin marigayi maigidana. Duk ranar da maigidan ya tuna shi sai ya yi dariya har ya ƙware.

Mutumin nan aikinsa ya ɗauko manhajar da wasu suka rubuta kyauta, ya gyara ta, ya ɗaure ta ƙunshi guda, yadda masu amfani da tsarin kwamfuta na Linux za su sauke ta su girka cikin sauƙi. A lokacin yana fama da wata ta ofis, mai haɗa wa ma'aikata saƙonni da kalanda wuri ɗaya. Gwani ne, amma mantuwa gare shi kamar kaza.

Rannan matarsa ta tsaya masa a ka.

"Baban yara, ran Laraba Inna za ta iso. Wancan karon ka shanya ta a tasha har magariba. Ka sake, wallahi kwamfutar nan ce za ta riƙa dafa maka abinci."

"Haba, ni da ke haɗa kalandar duniya?"

Dama yana neman abin gwaji. Sai ya rubuta a kalandar: "Laraba da la'asar a je tasha a ɗauko Hajiya. Mai jan mayafi da buhu. Wanda ya manta ya kaɗe." Ya gwada, ƙararrawa ta buga rangaɗau. Ya ɗaure ƙunshi ya tura, tunatarwar na ciki bai cire ba. Don tsabar tsafta kuma ya goge komai daga tasa kwamfutar.

Ofisoshi suka yi ta girkawa, har da nasu.

Ran Laraba waya ta yi ƙara a aljihun kowa a ofishinsu, ban da shi. Direba ya ɗauka mahaifiyar manaja ce, ya figi mota. Akawu ya ce ba za a riga shi neman fada ba, ya hau babur. Manaja kuwa ya zaci uwar mai kamfani ce, ya fesa turare ya bi bayansu.

Gogan naka ya ɗaga kai ya ga ofis wayam. Ya ce, "Madalla, yau a yi aiki ba surutu."

Can sai ga ƙorafi daga wata ƙasa mai nisa: "Mun girka ƙunshinka. Mun je tasharmu, ba mu ga Hajiya ba. Dole ne sai an ɗauko ta kafin manhajar ta tashi?"

Ya ce, "Innalillahi!" Ya fita da takalmi wari ɗaya.

A tasha ya tarar da taro. Inna na zaune kan kujera a inuwa. Manaja na yi mata fifita, akawu ya rungume buhu, direba na rigima da direbobin wasu ofisoshi kan motar da za ta shiga.

Ya durƙusa yana haki.

"Inna, sannu da hanya. A yi haƙuri, kuskure aka samu a manhajar."

Ta dube shi, ta dubi ƙafarsa mara takalmi, ta kurɓi lemonta.

"Wane kuskure, ɗan nan? Ai ta hau kan kowa a garin nan. Kai ne dai ba ta karɓa ba."