Tagar da Baba Bai Gani Ba

"Lafiya lau, Mai Majina. Shigo mana, ka tsaya a bakin ƙofa kamar baƙon kare."

Mamata ce, Mabjuda, take amsa gaisuwar Baffa Ergash, ƙanin mahaifina. Ranar da aka kawo ta gidan nan na tsohon garin Buhara ta same shi yaro yana jan hanci, ta raɗa masa sunan, har furfura ta cinye masa kai bai rabu da shi ba. Ina zaune a ƙarƙashin rumfar inabi ina yanka karas. Baba bai daɗe da rasuwa ba. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a ɗakin da ke jikin lungu, ɗaki mai duhu, kuma abu ɗaya ya roƙa: a huda masa taga ya riƙa ganin masu wucewa.

"Matar yaya, kullum kina ƙara tsufa, bakinki yana ƙara yarinta," in ji Baffa. Ya zauna, ya ajiye takarda kusa da butar shayi. "An sa hannu. Sun yarda a fasa bangon."

"Barkanka da gudu! Kai ya kamata a aika kiran mutuwa, da kowa ya shekara dubu."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ka je, ka tarar kasuwa ta watse."

"Ke kin san abin da na sha? Masu kula da gine-gine suka ce sai zane. Mai zane ya ce sai injiniya ya ƙwanƙwasa bango, ya ga ko zai tsaya in ƙasa ta girgiza. Masu kula da tsofaffin gidaje suka ce sai tagar ta yi kama da ta kakan kakanmu. Maƙwabci ma sai da ya sa hannu cewa ba za mu leƙa masa tukunya ba. Takalmi uku na kashe!"

"Maƙaryaci. Wannan takalmin da shi ka zo bikina."

"Bikinki? Ai lokacin ba a ƙirƙiro takalmi ba."

Mama ta zuba masa shayi, ɗan kaɗan a gindin kofi yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe.

"Wai kai magini," ta ce. "Ka huda wa rabin garin nan taga, ta ɗan'uwanka ta gagare ka. Gidan mai wuƙa ana yanka da haƙori."

"Laifi tudu ne, uwargida. Wa ya zo da guduma washegarin da yaya ya yi maganar? Ni. Wace ce ta tare ƙofa da muciya, tana cewa ba mai taɓa mata bango sai da takarda?"

"Wata mahaukaciya ce, ban san ta ba."

"Gajeriya ce, mai faɗa kamar zakaran da aka taka."

"Tana da gaskiyarta! Ba ka ga na ƙarshen lungu ba? Ya fasa ba izini, aka sa shi ya toshe da hannunsa. Gida ya zama ba ya sayuwa, ba ya gaduwa sai an je gaban alƙali. So kake in bar wa Zebo rigima?"

Ni ce Zebo. Na sunkuyar da kai na ci gaba da yanka.

Mama ta juya kofinta a hannu. Can ta ce, "Kullum da safe sai ya tambaye ni, takardar ta fito? In ce gobe. Yakan gane mutane da takunsu. Ya ce wannan mai burodi ne, wannan liman ne, ya makara. Har ya daina tambaya." Ta goge ido da bakin ɗankwalinta. "Da na bar ka ka fasa, Ergash. Su zo su toshe daga baya, wa ya damu?"

Ban taɓa jin ta kira sunansa ba sai ranar. Baffa ya ajiye kofinsa.

"Ba ke kaɗai ba ce," ya ce. "Muciyarki ba ta kai ta tsayar da ni ba. Ni ma tsoro na ji kada a karɓe mini izinin aiki. Da kika hana, wallahi daɗi na ji a raina. Da na sani ƙeya ce." Ya tura takardar gabanta. "To yanzu a yi yaya da ita? A kunna murhu?"

"Ka kunna gemunka. Asabar ka zo da gudumarka."

"Wa zai leƙa?"

"Ni. Ɗakin zan koma. Ka yi ta ƙasa-ƙasa, daidai gado, yadda na kwance zai gani."

"Zane ya ce sama. In na sauke ta ko da taƙi ɗaya, mai dubawa ba zai ba da shaidar kammalawa ba."

"To ka ɗaga gadon, sakarai! Shi ma sai an sa hannu?"

Baffa ya fashe da dariya har ya ƙware da shayi, hawaye na bin kumatunsa, ban san na wanne ba ne.

"Kin ci, matar yaya. Gado mai dogayen ƙafafu, kyauta daga mijinki na biyu."

"Allah ya kiyaye ni da miji mai majina. Zebo, ƙara shinkafa, wannan ba zai tafi ba sai ya ga gindin tukunya."